Littafin aiki: samfurin RNA mai yanka kansa

Asabar, 4 ga Oktoba, 2025, Jidda

Mun tsayar da magana yau bayan la'asar. Za mu ƙera samfuri, irin wanda hannu zai iya ɗauka ya jujjuya, na ɗan yankin RNA (zaren gado mai haruffa huɗu, ɗan'uwan DNA) da bairos ɗin ciwon hanta nau'in D yake yanka kansa da shi. Sannan mu ɗauki gajeren bidiyo da Hausa mai nuna siffarsa kafin yanka da siffarsa bayan yanka. Za a nuna a zaman ɗalibanmu na ƙarshen zango, daga nan ya shiga WhatsApp. Mu uku ne: ni, da ƙanwata 'yar Kawu, haifaffiyar Makka da ke karatun harhaɗa magunguna, da wani ɗan Zariya da muke kira Injiniya tun bai gama karatun ba. Shi ne mai filaya.

Bari in ajiye tushen maganar a nan don kada mu riƙa maimaita wa juna. Mario Rizzetto ne ya fara ganin alamar wannan bairos a Turin ta Italiya a 1977, a hantar masu ciwon nau'in B. Ba ya iya fita daga ƙwayar hanta ya shiga wata sai ya ari rigar bairos na B. Abin da ya mallaka zoben RNA ne mai haruffa kusan 1,700, kuma furotin iri ɗaya tak yake iya rubutawa. Injin kwafi ma ba shi da shi, sai ya yaudari na ƙwayar hantar mutum, wanda aikinsa na asali karanta DNA ne. Injin ya hau zoben ya yi ta zagaye, babu inda aka ce ya tsaya, sai ga dogon zare mai kwafi biyu, uku a jere. Dole a daddatsa zaren nan daidai tsawon kwafi guda-guda kafin a haɗa bakin kowanne ya koma zobe. Mai datsawar kuwa ba furotin ba ne. Wani yanki ne na zaren kansa, haruffa kusan 85, yake naɗewa ya tsinke kansa a wuri ɗaya da ba ya kuskurewa. Shi ne ribozaim. Ɗakin binciken John Taylor a Filadelfiya ya nuna haka a 1988, shekara guda kafin a ba Thomas Cech da Sidney Altman kyautar Nobel saboda gano cewa RNA na iya yin aikin enzaim, wato furotin mai hanzarta haɗuwa ko rabuwar sinadarai a jiki.

Juma'a, 10 ga Oktoba, Makka

Na bi jirgin ƙasa na Haramaini da safe, muka yi Juma'a da Kawu, bayan an sauko ya kai ni wurin masu sayar da 'ya'yan carbi waɗanda ba a shirya a zare ba. Tun a hanya ya gargaɗe ni: "Ɗana, kada in ga kun tsinka carbin da mutum ya yi tasbihi da shi. Ku sayi sabbin duwatsu." Muka ɗauki launi huɗu saboda haruffa huɗu: kore A, fari U, baƙi G, ja C. Shi ya yi cinikin da Larabcin kasuwa, ni ina tsaye ina kallo.

A gida ya tambaya ko wannan ne ciwon hantar da ake gwadawa kafin ɗaurin aure a nan. Na ce masa na B ake gwadawa, tun 2008 aka sa shi cikin gwajin. Ƙanwata ta ƙara da cewa Saudiyya ta fara yi wa jarirai rigakafin B tun 1989, kuma wanda B bai kama ba D ba ta da hanyar zama a jikinsa. Idan kuwa suka haɗu a mutum ɗaya, hanta ta fi saurin lalacewa. Mun yarda wannan zai zo a farkon bidiyon, don shi ne abin da mai kallo zai iya amfani da shi gobe da safe.

Ita za ta shirya duwatsun a waya can gida, ta aiko min.

Asabar, 18 ga Oktoba

Zaren ya iso. Na sauke fayil mai lamba 1DRZ daga rumbun siffofi na PDB, na buɗe a manhajar duba siffofi ta ChimeraX, muka ajiye kwamfuta a tsakiyar darduma Injiniya yana lanƙwasa waya yana dubawa. Wannan fayil shi ne hoton farko na ribozaim ɗin, wanda Adrian Ferré-D'Amaré da Kaihong Zhou da Jennifer Doudna suka fitar a 1998 daga Yale, ta hanyar haska eksire a kan kiristal. Haruffa 72 ne a ciki, don sun datse wani reshe suka dasa wurin da furotin U1A zai kama, saboda RNA shi kaɗai ba ya son yin kiristal. Abin lura babba: hoton na bayan yanka ne. Guntun da aka yanke ya riga ya tafi.

Naɗin yana da kara biyar, inda zaren ya dawo ya haɗu da kansa harafi da harafi: P1, P1.1, P2, P3, P4. Uku sun hau kan juna a gefe guda, biyu a ɗaya gefen, zaren yana tsallakawa tsakaninsu yana komowa. Mun sa ƙananan maganaɗisu a tsakanin haruffan da ke haɗuwa. Kara huɗu sun tafi lafiya. Na biyar ɗin, P1.1, shi ya cinye mana yamma, kuma shi ne mafi ƙanƙanta, haɗi biyu kacal: C21 da C22 suna riƙe da G39 da G38 (lambar tana nuna matsayin harafin a jerin zaren). Kafin mu haɗa shi samfurin lilo yake yi, ɓangarori biyu kowa da inda ya nufa. Muna haɗawa ya tsaya cak, kuma wani rami ya bayyana a tsakiya. Anne Perrotta da Michael Been sun zana sauran karan huɗu tun 1991 daga gwaje-gwajen kwalba, amma wannan sai da kiristal ya nuna shi. Da na riƙe abin a hannu na gane dalili. A takarda haɗi biyu ba su kai a kula da su ba.

Asabar, 25 ga Oktoba

Yau wurin yankan. Yana tsakanin harafin U da ke gaban ribozaim, wanda ake ba lamba -1, da G1. Injiniya ya sa ƙugiyar sarƙar wuya a nan, don a iya ɓallewa a mayar.

Ga abin da ke faruwa, yadda ƙanwata ta rubuta shi don murya, na ɗan gyara. Kowane harafi na RNA yana da sukari, kuma a jikin sukarin akwai wani ɗan hannu na oksijin da haidurojin wanda DNA ba shi da shi. Haruffa kuma fosfet ne ke haɗa su, wato fosfaras da oksijin ke kewaye da shi. Hannun nan na U-1 shi ne ke juyowa ya kai wa fosfet ɗin da ke maƙwabtaka da shi farmaki. Sai ya kasance oksijin mai kai farmaki, da fosfaras, da oksijin na G1 mai shirin tafiya sun jeru a layi guda, in ba haka ba babu abin da zai faru. Suna jeruwa, sabon haɗi ya ƙullu, tsohon ya saki. Amma oksijin mai tafiya ba ya son tafiya hannu rabbana, sai an miƙa masa furoton, wato ƙwayar haidurojin mai caji. Mai miƙawar ita ce C75, harafin da ke can nesa a jerin zaren, naɗi ne ya kawo ta bakin ramin. A hoton 1998 tana dab da oksijin na G1, ƙasa da angistiram uku, kuma angistiram kashi ɗaya ne cikin biliyan goma na mita.

C da ke yawo ita kaɗai ba ta riƙe furoton sai ruwa ya yi tsami, wajen 4 a ma'aunin tsami na pH, inda lamba ke ƙaruwa idan tsami ya ragu. A cikin ramin nan, kewaye da fosfet masu caji, tana iya riƙewa har sama da 6, kusa da yanayin cikin jiki. Ni a ganina nan ne gwanintar abin take, ba a motsi ba. Amma bidiyo motsi yake so, kuma motsin muka yi alkawari.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Gardama ta fara. Na sauke 1SJ3, ɗaya daga cikin hotunan kafin yanka da Ailong Ke da Doudna suka fitar a mujallar Nature a 2004, lokacin ta koma Berkeley. Na ɗora shi a kan na 1998. Daga nesa kusan abu ɗaya ne, kara biyar suna inda suke. A cikin ramin ne aka bambanta: harafi na 75 ya ja baya, kuma ga magnesiyam zaune a wurin, wanda babu shi a hoton bayan yanka. Fassararsu ita ce ribozaim yana da zama biyu. A na farko ƙarfen yana ciki, yana taimakon yanka. Ana gamawa ramin ya matse, ya tunkuɗo ƙarfen da guntun da aka yanke waje. A wancan lissafin C75 karɓar furoton take yi daga hannun mai kai farmaki, magnesiyam da ruwan da ke jikinsa su ne masu bayarwa, wato akasin abin da muka rubuta makon jiya.

Injiniya ya ji daɗi. Ya ce wannan shi ne bidiyo: a ɓalle ƙugiya, ƙwallon ƙarfe ya faɗo, rami ya rufe. Har ya fara zana inda zai sa sifirin, murɗaɗɗiyar wayar nan mai tunkuɗa abu.

Na ce ya dakata. Ribozaim da ke da lafiya ba ya jira a ɗauke shi hoto, yana naɗewa yake yanka, kiristal kuwa kwanaki yake ɗauka kafin ya girma. Duk wanda ya nuna maka hoton kafin yanka, to sai da ya nakasa abin tukuna. Su a nan C75 suka cire suka sa U a gurbinta. Kamar ka ce za ka ɗauki wanzami hoto yana shirin aski, sai ka ƙwace askar ka ba shi cokali: zai tsaya maka, amma ba lallai riƙon da ya yi wa cokalin ya zama riƙon aska ba. C tana da wani hannu mai naitirojin da take kama fosfet na C22 da shi, shi ke kafe ta a wurinta. U ba ta da shi, a gurbinsa oksijin ne, oksijin kuwa jan magnesiyam yake yi. Saboda haka wani ɓangare na motsin da ake gani tsakanin hotunan biyu yana iya zama tazarar da ke tsakanin U da C ne, ba tsakanin kafin da bayan ba.

Ƙanwata tana kan waya tana ji. Ta ce, "Tayyib, Yaya, to wa ya raba gardamar furoton ɗin?" Subha Das da Joseph Piccirilli ne a Chicago, a 2005. Sun musanya oksijin mai tafiya da farar wuta, wadda ke sakin fosfet ba tare da an roƙe ta ba. Da aka yi haka, sai ribozaim ya daina damuwa da ko C ɗin tana nan ko ba ta nan. Ke nan aikinta dama a kan mai tafiya yake. Rubutunmu na makon jiya ya tsaya. Sifirin kuma an ajiye shi tukuna.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Ba a yi komai ba, jarrabawar tsakiyar zango. Danshin Jidda ya fara sa wa wayar tsatsa a inda filaya ta kankare ta. Injiniya ya ce a koma wayar tagulla. Za a sake shirya P2 da P3.

Asabar, 15 ga Nuwamba

Hoto na uku, 3NKB, na 2010, daga ɗakunan binciken Barbara Golden da Philip Bevilacqua. Su sun bar C75 yadda take. Maimakon haka hannun mai kai farmaki suka cire, suka sa haruffa irin na DNA a wurin yankan. Da na ɗora shi a kan na 1998, ramin kusan bai motsa ba. C75 tana inda take bayan yanka. Magnesiyam yana nan, amma a wani gefen, kusa da inda G25 da U20 suka yi wani haɗi na baibai, wurin da zai iya taimakon hannun mai kai farmaki. Wato ramin a shirye yake tun kafin a yanka.

Kada a ɗauka wannan hoton ya wanke kansa tas. Haruffan da ke gaban wurin yankan ba su fito sarai ba, suna rawa a cikin kiristal, har sai da masu binciken suka ari siffar wurin yanka daga wani ribozaim daban, mai kan guduma, suka ɗora don su cike gurbin. Sun faɗi haka da bakinsu. Na fi yarda da hoton 2010 a kan ramin, don ya dace da gwajin farar wuta, amma daidai wurin da muka sa ƙugiya, shi ma ƙiyasi ne.

Mai kan guduma ɗin nan labarinsa ya cancanci minti ɗaya a bidiyo, in lokaci ya bari. An same shi a 1986 a wani ƙaramin RNA da ke bin bairos ɗin ganyen taba, da kuma wani mai cutar da bishiyar afokado. Hotunansa na 1994 da 1995 sun rikita mutane shekara goma, don haruffan da gwajin kwalba ya ce su ne masu aikin, G8 da G12, sun fito nesa da wurin yankan. Ashe an datse shi ne fiye da kima don ya yi sauƙin sarrafawa. A 2003 aka gano cewa wasu sassa biyu na can waje, da aka yar, suna taɓa juna, kuma taɓawar tana ninka saurin yanka sau ɗari ko fiye. A 2006 Monika Martick da William Scott suka ɗauki cikakkensa, sai ga G8 da G12 a bakin aiki. A can sauyin siffar gaske ne kuma babba, sai dai kafin yanka yake faruwa.

Wani Bahaushen Sudan da muke sallah masallaci ɗaya, mutumin wajen Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, ya leƙo ya tarar da mu a kai. Da na ce masa cikakken ribozaim ɗin na 2006 daga jikin tsutsar Schistosoma mansoni aka samo shi, dangin mai sa tsargiya, irin da ke kama hanji da hanta, sai ya yi dariya ya ce, "Malam, wannan ai maƙwabciyarmu ce, magudanan ruwan Jazira cike suke da dodon koɗinta." Ya zauna har isha yana riƙe mana waya.

Asabar, 22 ga Nuwamba, Makka

Na kawo samfurin gida a cikin kwalin takalmi. Mun yanke cewa a cikin rami motsi kaɗan za mu nuna: ƙugiya ta ɓalle, guntun ya fita, jikin ya ɗan miƙe. Miƙewar tana da madogara, don ɗakin binciken Nils Walter a Michigan ya liƙa fenti mai haske a ƙarshen P2 da ƙarshen P4, a cikin ruwa ba kiristal ba, ya ga tazararsu ta ƙaru bayan yanka. Hoton 2004 za mu nuna shi da sunansa da shekararsa, mu faɗi abin da aka canza a ciki. Babu sifirin.

Kawu ya karɓi abin, ya ɓalle ƙugiya, ya mayar, ya sake ɓallewa. Ya ce, "To ɗana, kun ce bayan ya yanke ana haɗa bakinsa ya koma zobe. In an haɗa, ai wurin yankan ya dawo. Me ya hana shi sake yanke kansa?"

Na ce, "Allah ya ƙara maka lafiya, Kawu, tambayar da ta fi ƙarfin samfurinmu ke nan." Amsar tana cikin sauran haruffa 1,600 da ba mu shirya ba. Cikakken zoben ba a buɗe yake zama ba. Rabinsa ya dace da ɗaya rabin, kusan kashi 70 cikin ɗari na haruffan suna haɗuwa, sai ya mammatse ya zama doguwar sanda. Haruffan ribozaim ma suna da abokan haɗinsu a ɗaya gefen sandar. Lokacin da injin kwafi yake fitar da sabon zare, ribozaim yana fitowa kafin abokan nan su iso, ya samu sararin naɗewa ya yanka. Da suka iso sai su warware shi, kara biyar ɗin nan duk su watse, C75 ta koma can nesa da G1. David Lazinski da Taylor sun nuna wannan a tsakiyar shekarun 1990. Hatta haruffan da ke gaban wurin yankan suna iya kama wani sashe na ribozaim su hana shi naɗewa daidai, sai sun samu wani abin kamawa sun sake shi.

Ashe makonni muna gardama a kan motsin angistiram biyu ko uku, alhali sauyin siffa mafi girma shi ne wannan, daga zare zuwa ƙulli, daga ƙulli zuwa sanda. Kuma shi ne wanda waya da duwatsu za su fi iya nunawa. Ƙanwata ta ce halas, za ta shirya zare na biyu, na abokan haɗin. Kawu ya ce shi zai koma wurin mai duwatsun, kada in je a tsuga min kuɗi.

Juma'a, 5 ga Disamba

Zare na biyu ya iso, an gwada. Ana kusanto da shi maganaɗisunsa suna fizgar na ribozaim, amma P1 ya ƙi sakuwa da kansa, sai an sa yatsa. Injiniya yana so a rage ƙarfin maganaɗisun P1. Na ce a bar shi, don a zahiri ma ribozaim ɗin nan taurin kai gare shi, yana yanka ko a cikin ruwan yuriya mai kauri da ke warware yawancin RNA. A bidiyo za a ga yatsan, mu ce yatsa ne.

Mun ɗauki sashen naɗewa da na yanka a kan farin zani, da wayar Injiniya a ɗaure jikin kujera. Baƙaƙen duwatsun G suna ɓacewa cikin inuwarsu, sai an sake ɗauka da rana a saman bene. Rubutun murya ya kai minti tara, muna son shida, kuma mai kan guduma ne zai fara fita in ba a samu wurin ragewa ba. Ni ban yarda ba tukuna. Ƙanwata za ta karanta wa Inna rubutun gobe, duk jimlar da Inna ta ce a maimaita mata, a sake ta. Ɗaukar murya ranar Juma'a mai zuwa a Makka, bayan an sauko daga masallaci.